Kuskure a Wajen Shari'a: Yaushe Ne Kotun Sama Take Soke Hukunci?

Sau da yawa jama'a sukan ji a rediyo, ko su karanta a jarida, cewa wani mutum da aka ɗaure shekaru masu yawa, ko ma aka yanke masa hukuncin kisa, ya ɗaukaka ƙara, kotun sama kuma ta soke hukuncin domin ba a bi ƙa'ida ba wajen yi masa shari'a. Wasu sukan yi mamaki, wasu su fusata, su ce lauyoyi sun sake yin dabarar tasu an saki mai laifi. A ɗaya gefen kuma akwai iyalan da ɗan'uwansu yake kurkuku, sun sayar da gona ko shanu sun ɗauki lauya, lauyan ya nuna wa kotun sama kurakurai a fili cikin shari'ar farko, amma duk da haka aka ce hukunci yana nan daram. Su ma sukan koma gida da ɓacin rai. An shirya wannan bayani ne domin jama'a su san ma'aunin da kotunan Nijeriya suke aiki da shi wajen rarrabe kuskuren da yake rushe hukunci da wanda ba ya rushe shi.

Abin da ake nufi da kuskuren tsari

Kowace shari'ar laifi tana da fuska biyu. Akwai ainihin maganar, watau ko mutumin ya aikata abin da ake tuhumarsa da shi ko bai aikata ba. Akwai kuma hanyar da doka ta shimfiɗa a bi kafin a kai ga amsar wannan tambaya: wace kotu ce za ta saurari ƙarar, yaya za a rubuta tuhuma a karanta ta, wace irin shaida za a karɓa, wace dama za a ba wanda ake tuhuma ya kare kansa, da yadda alƙali zai rubuta hukuncinsa. Idan aka kauce wa wani abu daga cikin wannan hanya, shi ne ake kira kuskuren tsari.

A da, jihohin Kudu suna aiki da dokar tsarin shari'ar laifuffuka da aka kafa tun 1945, jihohin Arewa kuma suna aiki da tasu ta 1960. A shekarar 2015 Gwamnatin Tarayya ta kafa sabuwar Dokar Tafiyar da Shari'ar Laifuffuka domin kotunan tarayya da na Abuja, jihohi kuma suka bi sahu da nasu dokokin masu kama da ita. A bisa dukansu akwai Tsarin Mulki na 1999, musamman sashe na 36, wanda ya jera hakkokin duk wanda aka gurfanar gaban kotu. Wannan sashe ba sabon abu ba ne, domin kusan kalmominsa ne suke cikin sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1979, shi ya sa hukunce-hukuncen da Kotun Ƙoli ta yanke a wancan zamani har yanzu ake kafa hujja da su.

Ma'aunin da kotu take ɗorawa

Alƙali ɗan Adam ne, magatakardan kotu ma haka, da ɗan sanda mai bincike, da lauyan gwamnati. Shari'ar da aka shafe shekara biyu ana yi, aka saurari shaidu goma sha biyar, aka rubuta shafi ɗari uku, da wuya a rasa wani tuntuɓe a cikinta. Da a ce kowane tuntuɓe yana rushe hukunci, da babu ɓarawon da zai kwana a kurkuku muddin yana da kuɗin ɗaukar lauya mai ido. Saboda haka dokokin da suka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara da Kotun Ƙoli suka ba su wani iko na musamman: ko da sun yarda cewa abin da mai ɗaukaka ƙara ya kawo kuka a kai gaskiya ne, suna iya korar ƙararsa in sun tabbata cewa kuskuren bai jawo wata tauyewar adalci mai nauyi ba. Tsohuwar dokar Arewa ta 1960 ta faɗi irin wannan a sashe na 382, inda ta hana a soke hukunci saboda kuskure ko mantuwa sai in abin ya kai ga an kasa yin adalci.

Wannan ƙa'ida daga Ingila aka gado ta. Can ma sai a shekarar 1907 aka kafa kotun ɗaukaka ƙara ta laifuffuka, bayan abin kunyar da ya faru ga wani mutum mai suna Adolf Beck, wanda aka same shi da laifi har sau biyu, a 1896 da 1904, a kan zambar da wani daban ya aikata, domin shaidu sun rikita kamanninsu. Majalisar Ingila ta buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara, amma ta sa mata wannan sakata don kada kowa ya fice ta cikinta. Ingila ta sauya lafazin dokarta a 1995, ta koma tambaya guda, watau ko hukuncin abin dogara ne ko ba abin dogara ba ne. Nijeriya kuwa tana riƙe da tsohon lafazin.

To, tambayar da alƙalan kotun sama suke yi wa kansu ke nan: da ba a yi wannan kuskure ba, shin lalle ne kotun farko ta kai ga hukuncin da ta kai? In amsar ita ce i, hukunci ya tsaya. In akwai shakka, wanda ake tuhuma ne yake cin moriyarta. Amma akwai wasu kurakurai da ba a ma tsaya yi musu wannan tambaya, domin sun taɓa tushen shari'ar. Lauyoyi sukan ce irin wannan shari'a ta zama kamar ba a yi ta ba.

Kotun da ba ta da hurumi

Na farko cikin irin waɗannan shi ne rashin hurumi. A shari'ar Madukolu da Nkemdilim ta 1962, babbar kotun tarayya ta wancan lokaci ta bayyana cewa kotu ba ta cancanci sauraron ƙara ba sai ta cika sharuɗɗa uku: alƙalan da suka zauna su kai adadin da doka ta ce kuma kowannensu ya cancanci zama, maganar da ke gabanta ta kasance cikin ikonta, sa'an nan a kawo ƙarar ta hanyar da doka ta tanada. Shari'ar ba ta laifi ba ce, amma ma'auninta ya game kowace irin shari'a. In ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ya faɗi, komai kyawun aikin da alƙali ya yi, ya tashi a banza.

A ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Jihar Katsina ta soke hukuncin da aka yanke wa Amina Lawal. Cikin dalilan da ta bayar akwai cewa alƙalin kotun farko ya zauna shi kaɗai, alhali dokar jihar ta ce ya zauna tare da mutum biyu. Mai karatu zai lura cewa wannan dalili bai shafi ko ta aikata ko ba ta aikata ba. Kotun ce ba ta cika kotu ba a idon doka.

Misalin da ya fi tayar da ƙura shi ne na tsohon Gwamnan Jihar Abiya, Orji Uzor Kalu. An fara shari'arsa tun 2007, ba a yanke hukunci ba sai a watan Disamba 2019, sa'ad da Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure shi shekara 12, ta ɗaure Ude Udeogu, wanda aka tuhume su tare, shekara 10. Matsalar ita ce tun kafin a gama shari'ar an riga an ɗaga alƙalin zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ya komo ya ƙarasa ta ne bisa sashe na 396(7) na dokar 2015, wanda aka tsara musamman don kada irin wannan ƙarin girma ya sa a koma farko. Udeogu ya kai kuka Kotun Ƙoli. A ranar 8 ga Mayu 2020 kotun ta ce wannan sashe ya saɓa wa Tsarin Mulki, domin wanda ya zama alƙalin Kotun Ɗaukaka Ƙara ya daina zama alƙalin Babbar Kotu, ba shi kuma da ikon zama a kujerarta. Aka soke hukuncin, aka ce a sake shari'a. Babu shakka abin ya yi wa jama'a ciwo, ganin aikin shekara goma sha biyu ya rushe ba tare da an ce uffan a kan kuɗin da ake magana ba. Sai dai dokar da Majalisa ta kafa, komai kyawun niyyarta, ba ta iya ba mutum kujerar da Tsarin Mulki bai ba shi ba.

Karanta tuhuma

Abu na biyu da kotuna suke tsanantawa a kai shi ne yadda ake gurfanar da mutum a ranar farko. Doka ta ce a kawo shi gaban kotu ba a ɗaure ba, sai in alƙali ya ga dalilin ɗaurewa. Sa'an nan magatakarda ko wani ma'aikacin kotu ya karanta masa tuhumar, ya bayyana masa ita cikin harshen da yake ji, har alƙali ya gamsu cewa ya fahimta. Daga nan a tambaye shi ko ya amsa laifin ko bai amsa ba, a rubuta amsarsa. Abu ne na minti biyar, amma a kansa aka gina duk abin da zai biyo baya. Mutumin da bai san abin da ake tuhumarsa da shi ba, ba shi da yadda zai kare kansa.

A shari'ar Kajubo ta 1988, an yanke wa mutumin hukuncin kisa a kan fashi da makami, amma littafin shari'ar bai nuna an karanta masa tuhuma an bayyana masa ita yadda doka ta ce ba. Kotun Ƙoli ta soke shari'ar baki ɗaya, ta ba da umurnin a sake. A shari'ar Edibo ta 2007 kuwa an karanta tuhumar, an kuma karɓi amsa, amma a cikin ofishin alƙali aka yi, ba a zauren kotu ba. Tsarin Mulki ya ce shari'ar laifi a bainar jama'a ake yin ta, ofishin alƙali kuwa ba wurin da kowa yake iya shiga ba ne, don haka ita ma aka soke ta. Haka nan idan masu gabatar da ƙara suka sauya tuhuma ana tsakiyar shari'a, tilas a karanta sabuwar, a sake tambayar mutumin amsarsa.

Bayan hukuncin Kajubo lauyoyi da yawa sun mai da wannan batu abin farauta, suna bin littattafan shari'a layi-layi suna neman inda alƙali ya manta bai rubuta cewa ya gamsu ba. Kotun Ƙoli ta ja musu linzami a shari'o'in da suka biyo baya. Ta ce muddin littafin ya nuna an karanta tuhuma an bayyana ta, mutumin kuma ya amsa, musamman in yana tare da lauyansa, rashin rubuta wata kalma guda ba zai rushe shari'ar ba.

Damar kare kai

Sashe na 36 ya ba wanda ake tuhuma damar ya sami isasshen lokaci ya shirya, ya kare kansa da kansa ko ta bakin lauyan da ya zaɓa, ya yi wa shaidun gwamnati tambayoyi, ya kuma kira nasa shaidu. Idan aka hana shi ɗaya daga cikin waɗannan, kotun sama ba ta tsayawa tambayar ko da an ba shi damar zai ci nasara. Hanawar kanta ta isa. Masu zuwa kotunan Musulunci sun san irin wannan a wajen i'izari, watau tambayar da alƙali yake yi wa mutum kafin ya yanke hukunci ko yana da sauran hujja, wadda rashinta yake ɓata hukuncin.

Inda abin ya fi tsanani shi ne laifin da hukuncinsa kisa ne. A nan doka ta wajabta wa kotu ta nemo wa mutum lauya in ba shi da shi. A shari'ar Josiah ta 1985 an yi wa mutumin shari'a a kan laifin kisa ba tare da lauya ba, aka yanke masa hukunci, Kotun Ƙoli ta soke, ta ce a sake.

Yaya ake gane an yi wa mutum adalci wajen sauraro? Tun 1968, a shari'ar Isiyaku Mohammed da En'e ta Kano, Kotun Ƙoli ta ba da ma'auni mai sauƙi: a ɗauka wani mutum mai hankali yana zaune a kotun tun daga farko har ƙarshe, me zai ce in ya fito? In zai ce an yi gaskiya, to an yi. Alƙalin da yake da dangantaka da mai ƙara, ko wanda ya karɓe aikin lauyan gwamnati yana tsare wanda ake tuhuma da tambayoyi kamar shi ne mai ƙara, ba zai tsallake wannan ma'auni ba.

Maganar tafinta

A ƙasa mai harsuna sama da ɗari biyar, wadda manyan kotunanta suke aiki da Turanci, babu hakkin da ya fi shafar talaka kamar na tafinta. Tsarin Mulki ya ce duk wanda ba ya jin harshen da ake shari'a da shi a ba shi tafinta kyauta. Sai dai a nan ne ya kamata jama'a su fi buɗe ido, domin wannan hakki yana iya kuɓuce wa mutum ta hanyar yin shiru.

Shari'o'i biyu za su nuna bambancin. A farkon shekarun 1960, a shari'ar Ajayi da En'e ta Zariya, an yi wa wasu mutane da ba Hausawa ba shari'a da Hausa, aka yi ta sauya masu fassara, wasunsu ba su ƙware ba. Babbar kotun tarayya ta soke hukuncin, domin an tabbatar mutanen ba su bi abin da ake faɗa a kansu yadda ya kamata ba. A shari'ar Gwonto ta 1983 kuma, wadda ta taso daga Jihar Filato, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukunci a kan cewa ba a nuna an yi wa waɗanda ake tuhuma fassara ba. Gwamnati ta wuce Kotun Ƙoli, ita kuwa ta mai da hukuncin farko. Dalilinta shi ne mutanen suna da lauya tun daga farko, kuma babu wanda ya tashi ya ce wa alƙali ba sa jin abin da ake faɗa. Wanda yake da lauya, ya zauna ya yi shiru har aka gama, ba zai zo daga baya ya ce a rushe komai ba.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Duk wanda aka gurfanar, in bai ji harshen kotu sosai ba, ya faɗa tun a ranar farko, ya kuma roƙi a rubuta cewa ya faɗa. Jin Turancin kasuwa daban, jin Turancin kotu daban, ba kuwa abin kunya ba ne mutum ya ce bai gane ba. In tafintan da aka kawo yana taƙaita magana, ko yana jin wani karin harshe wanda ba na mutumin ba, wannan ma a faɗa nan take. Kotun sama ba ta ga abin da ya faru da idonta ba. Littafin shari'a kaɗai take karantawa, abin da ba ya ciki kuwa a wurinta bai faru ba, sai in an kawo ƙaƙƙarfar hujja ta rantsuwa.

Kurakuran da ba su cika rushe hukunci ba

Kuskure cikin rubutun tuhuma, kamar a rubuta ranar da ba daidai ba, ko a ambaci sashen doka da ba shi ba, ko a ɓata harafi a sunan wanda aka cuta, ba ya rushe hukunci sai in ya ruɗar da wanda ake tuhuma. A ce an rubuta cewa an yi satar ran 3 ga wata alhali ran 4 ne, kowa kuma a kotun ya san wace sata ake nufi, wannan ba komai. Amma a ce mutumin ya kafa kariyarsa a kan cewa ran 3 yana kwance a asibiti, ya kawo takardun likita, sa'an nan alƙali ya ɗaure shi a kan abin da ya faru ran 4 ba tare da an gyara tuhuma an ba shi damar amsawa ba, to kuskuren ya zama babba. Kuskuren iri ɗaya ne, abin da ya haifar ne ya bambanta.

Haka abin yake ga shaida. Sashe na 251 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce karɓar shaidar da bai kamata a karɓa ba, ba ya isa shi kaɗai ya sa a soke hukunci, in dai a fili yake cewa ko babu ita hukuncin ba zai sauya ba. Abin da kotun sama take yi shi ne ta cire gurɓatacciyar shaidar ta ajiye gefe, ta auna abin da ya rage. Alal misali, dokar ta hana a karɓi furucin amsa laifi da aka samo ta hanyar azabtarwa. In alƙali ya karɓi irin wannan furuci, kuma shi ne kaɗai abin da ya dogara a kai, hukunci ya faɗi. In kuwa akwai shaidun gani da ido, ga kayan satar an kama a hannun mutumin, hukuncin yana iya tsayawa ko da an yi watsi da furucin.

Akwai kuma jinkirin yanke hukunci, wanda tarihinsa yake nuna yadda ra'ayin doka ya sauya. Tsarin Mulkin 1979 ya ce alƙali ya ba da hukunci cikin wata uku bayan an gama sauraron shaidu da jawabin lauyoyi. A shari'ar Ifezue da Mbadugha ta 1984 Kotun Ƙoli ta ce duk hukuncin da ya wuce wannan wa'adi ya ɓaci. Sakamakon bai yi kyau ba, domin mutanen da ba su da laifin komai cikin jinkirin su ne aka mayar farko, da sabon kashe kuɗi da sabon jira. A 1985 aka gyara dokar. Yau sashe na 294 na Tsarin Mulkin 1999 ya sa wa'adin kwana 90, amma ya ƙara da cewa ba za a soke hukunci don an wuce shi ba sai mai kuka ya nuna jinkirin ya cuce shi, kamar a ce alƙali ya manta da yadda shaidu suka ba da shaidarsu har ya rikita maganganunsu.

Bayan an soke, sai me?

Mutane da yawa suna ɗauka soke hukunci daidai yake da wanke mutum. Ba haka ba ne. In kotun sama ta ga shaidar da aka kawo ba ta isa a ɗaure kowa ba, sai ta sallami mutumin ta wanke shi, ba kuwa za a sake tuhumarsa a kan wannan laifi ba. In kuwa hanya ce ta ɓaci alhali shaida tana da ƙarfi, tana iya cewa a koma a sake shari'ar a gaban wani alƙali. Tsarin Mulki ya hana a yi wa mutum shari'a sau biyu a kan laifi ɗaya, amma ya keɓe inda kotun sama ce ta ba da umurni.

Ba a ba da wannan umurni da ka. Tun 1959, a shari'ar Abodundu, aka shimfiɗa abubuwan da kotu za ta duba, kuma har yau su ake bi. Za ta duba ko akwai kuskuren da ya hana ta cewa an yi adalci, ko shaidar da aka kawo, in aka ajiye kuskuren gefe, tana nuna akwai ƙwaƙƙwarar tuhuma, ko akwai wani dalili na musamman da zai sa sake shari'ar ya zama zalunci, ko laifin babba ne ba ƙaramin abu ba, da kuma ko ƙin sakewa zai fi sakewa ɓarna. Sharaɗi na uku shi ne wanda aka fi jayayya a kai. Mutumin da ya riga ya yi shekara goma sha biyar a tsare, shaidu sun mutu ko sun watse, ɗan sandan da ya yi bincike ya yi ritaya, sau da yawa kotu takan ga babu amfanin mai da shi farko, ta sallame shi. Ba a kuma ba da umurnin sake shari'a don kawai masu gabatar da ƙara su sami damar toshe ramukan da suka bari a karon farko.

Abin da mai niyyar ɗaukaka ƙara zai kiyaye

Ɗaukaka ƙara tana da wa'adi. Daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar laifi, kwana 90 ne daga ranar hukunci. Daga can zuwa Kotun Ƙoli kwana 30 ne. Ƙananan kotuna kuma kowace jiha da wa'adin da dokarta ta sa, magatakardan kotu zai faɗa wa wanda ya tambaya. Tsarin Mulki ya ba wanda aka yanke wa hukunci, ko wakilinsa, damar karɓar kwafin hukuncin cikin kwana bakwai da gama shari'a, kuma da shi lauya zai fara aiki. A takardar ɗaukaka ƙara bai isa a ce alƙali ya yi kuskure ba. Tilas a nuna kuskuren, a nuna shafin da yake, a kuma bayyana yadda ya cuci mai kuka. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya neman taimakon Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ta Tarayya, wadda aka kafa tun 1976, tana kuma da ofisoshi a jihohi. Wanda yake tsare yana iya shigar da takardarsa ta hannun jami'an gidan da ake tsare da shi.

Wanda aka yanke wa hukuncin kisa yana da damar ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli ba tare da neman izini ba, kuma ba a zartar da hukuncin muddin ƙararsa tana gaban kotu. An taɓa saɓa wa wannan a Jihar Oyo, inda aka kashe Nasiru Bello a 1981 alhali ƙararsa tana jiran a saurare ta. Iyalansa suka kai gwamnatin jihar ƙara, a 1986 Kotun Ƙoli ta ce kisan ya saɓa wa doka, ta umurci a biya su diyya.